Farin Da Ke Cin Ido

A Colchani, bakin filin gishiri,
inda ƙasa ta yi fari fat har ta haɗe da sama,
nan aka binne cibiyata.
Ni ne Tiburcio, mai saran gishiri.
Shekara arba'in da bakwai gatari na kafaɗa,
ganyen koka a kunci,
ina yanka farin nan tubali-tubali
ina loda wa tsohuwar motar ƙanena.

Ba wanda ya gaya mini rana biyu ce a nan,
ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashin ƙafa.
Ta sama, malafa ta ishe ta.
Ta ƙasa ita ce ɓarauniya:
takan tashi daga gishiri,
ta bi ta ƙasan malafa,
ta shiga ido ba sallama.

Da dare idanu su yi jajur,
kamar an watsa musu yashi.
Fermina ta ɗora mini tsumma mai sanyi,
in ce mata, bari, gobe zai wuce.
Ya wuce. Ya dawo. Ya wuce.
Har wata tsoka ta tsiro daga gefen hanci
tana rarrafe zuwa ƙwayar ido,
sannan yana ta biyo sawunta
ta ja labule.

Dutsen Tunupa da na sani tun ina goye
yanzu inuwa ce kawai.
Tsuntsayen nan masu doguwar ƙafa,
masu launin gefen gajimare da yamma,
sai dai in ji kukansu suna wucewa.

Jikata Nayra ce sandata.
Shekararta shida, haƙoran gaba sun zube.
A harshen kakarta, Aymara,
sunanta ido ke nan.

Wata ranar Laraba ta dawo daga wajen ubanta
tana murza fuska, ba ta son fitila.
Na kai babban yatsa kuncinta, na ji danshi,
ba kuwa kuka take ba.
Na san hawayen nan.
Mun daɗe da sanin juna.

Da asuba muka hau motar Uyuni.
Ma'aikaciyar asibiti, Eulalia,
ta tsayar da ita gaban allo, ta rufe mata ido ɗaya:
ina ƙafafun wannan harafi suka nufa?
Sama. Hagu. Sama. Ƙasa.
Har layin ƙarshe yarinyar ta karanta,
ni ina kan benci ina rawar gwiwa.

Ta ce, Baba, da sauran lokaci.
Amma kar ka saya mata tabarau don baƙinsa kawai.
Baƙin banza buɗe ƙofar ido yake,
ɓarauniya ta shige a sake.
Nemi mai shaidar tare hasken da ba a gani,
mai rufe har gefe,
ka haɗa da malafa mai faɗi,
kuma rana in ta take tsaka, a zauna a inuwa.

Gatarin na sayar.
Me makaho zai sara?

Kwana uku ta ƙi sakawa.
Wai yara na ce mata ƙuda.
Ban yi faɗa ba.
Na kama hannunta, na ɗora kan fatar idona,
na ce, taɓa, ki ji abin da farin nan ya bar mini.
Ta yi shiru mai tsawo.
Sai na ji ƙarar maɗaurin roba a ƙeyarta.

Jiya an yi ruwa.
Ta ja ni har bakin filin,
ruwan sanyi yana lasar takalmina.
Na ce, Nayra, me kike gani?
Ta ce, Kaka, sama ta faɗo ƙasa,
gajimare na ƙarƙashin ƙafata,
ga ni nan tsaye a kaina,
kai ma ga ka, kun zama biyu.

Na ce, ci gaba.
Kar ki bar komai.
Wane launi ne Tunupa yau?